Kifin Da Hajja Ramatu Ta Ci A Zaune

Hajja Ramatu na tsugune a bakin murhu tana shimfiɗa ƙullun kisra, wainar dawa mai faɗi kamar faifai, a kan ƙarfen suya, hayaƙi na cika mata ido, sai ga surukarta Intisar ta fito daga ɗaki cikin tob, lulluɓin matan Sudan, ruwan zuma, sai ƙamshi take zubawa. A bayanta Bilyamin ne, autan Hajja, ya sha farar jallabiya yana kaɗa makullin babur.

"Inna, za mu shiga garin Suki. A sawo miki wani abu?"

Hajja ba ta ko ɗago kai ba. "Yau ma Alhamis ta yi ke nan."

"Ta yi, Inna."

"To, a ci lafiya. A gaishe mini da 'yan kasuwa."

Intisar ta durƙusa ta ce, "Sai mun dawo, Inna." Hajja ta ɓamɓaro kisrar da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, har ƙarfen ya yi ƙara.

Bilyamin mai gyaran firji da sola ne. Masu gidajen abinci na Suki da Damazin duk sun san lambarsa, kuma in ya gama musu aiki sukan haɗa masa da kubon, wata 'yar takarda mai launi wadda ake yi wa mai ita rangwame: mutum biyu su ci, a biya kuɗin mutum ɗaya. Tun da aka kawo masa Intisar, duk Alhamis sai ya goya ta a babur sun je sun ci kifi, ko ful, wato dafaffen wake, da man riɗi, su ƙarasa gidan shayi su sha gahawar da ake kira jabana. Sauran kwanakin mako kuwa Intisar ce ke riga kowa tashi a gidan, ita ce shara, ita ce wanki, miyarta kuma ba a barin ta a kwano.

Amma ƙauyen ba ya lissafin sauran kwanaki, Alhamis kawai yake gani. A wajensu namijin da ya ci abinci a kasuwa alhali yana da mata, to matar ce ta gaza. Balle kuma a ce ita kanta matar ta bi shi ta zauna tana taunawa a gaban maza. Magana ta fara yawo gidajen suna da zaman makoki, kuma kowace ta ɗauka sai ta ƙara mata gishiri kafin ta miƙa wa ta gaba.

Ruƙayya maƙwabciya ce ta kawo wadda ta fi zafi. Ta shigo aron rariya, ta zauna a bakin gado kamar mai jaje.

"Ya Hajja, ni dai ba na son kawo magana. Amma wagga takarda da suke miƙawa, an ce irin katin taimako ce, wanda aka raba wa mutane shekarar ambaliya. Wai ɗanki abincin sadaka shike kai matarshi ci."

Hajja Ramatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Matar da ta yi noman auduga da hannunta ta ciyar da marayu, ba ta taɓa miƙa wa kowa kwano ba, yau a ce ɗanta na bin layin sadaka da farar jallabiya! Ko la'asar ba a yi ba ta aika a kira Alhaji Salih, wan marigayi mijinta, wanda shi ne babba a gidan.

Washegari bayan an sauko Juma'a aka zauna a rumfar tsakar gida. Alhaji Salih mutum ne mai son a ce ya yanke hukunci, ko da bai gama jin shari'ar ba.

"Baffa, ba sadaka ba ce," in ji Bilyamin. "Rangwame ne, masu mat'am, gidajen abincin nan, ke bugawa don su jawo mutane. Kowa na amfani da ita."

"Kowa wa? Ubanka ya yi? Kakanka ya yi?"

Intisar, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tob ɗinta, ta ce, "Baffa, in fitar ce ke ɓata wa Inna rai, wallahi na bari daga yau. A yi mini afuwa."

"Bayan kin gama tozarta mu?" Hajja ta katse ta. "Kafin ki zo, yaron nan bai san hanyar mat'am ba. Ya faɗa gaban kowa cewa ke kika ja shi, in ya so a san abin yi."

Bilyamin ya ɗago ido jajir. "Inna, in kin ce kar mu sake zuwa, shi ke nan, mun bari. Amma ba zan ɗora mata laifin da nawa ne ba. Ni na kai ta."

"Kun ji ko? Ta gama da shi," in ji Hajja.

Nan Alhaji Salih ya gyara rawani ya yanke: Intisar ta koma gidan iyayenta har a gama yankan riɗi. In an gama aka ga yaro bai dawo hayyacinsa ba, to ya ba ta takardarta, kowa ya huta.

Da yamma Intisar ta haɗa 'yan kayanta. Bilyamin ya tsaya a bakin ƙofa, ya zaro kubon ɗin da ya rage masa ya tura cikin jakarta.

"Riƙe mini ita. Ni da ke za mu ci ta, in sha Allahu."

Ta yi murmushi cikin kuka. "Kai dai kar ka yi wa Inna musu. Uwa ce."

Haka aka shiga kaka. Gidan su Intisar na can ƙarshen gari wajen magudanar ruwan gona, amma kullum da safe sai ta tako ta zo ta gaida Hajja, ta cika mata randa, ta share tsakar gida ta koma. Hajja ba ta amsa gaisuwar, sai dai ba ta taɓa zubar da ruwan ba. Bilyamin kuwa ya rame, yana cin tuwon uwarsa shiru kamar mai shan magani. Abin na damun Hajja, amma girman kai ya hana ta nunawa.

Ana cikin haka jiri ya fara ɗibar ta, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Aka ce ta je asibitin Suki a auna jininta, kuma kada ta karya kafin ta je. Ranar da za ta tafi Bilyamin na Damazin wajen aiki, mutanen gida kaf suna gonar riɗi, Ruƙayya mai yawan jaje kuma ta ce ƙafarta na ciwo. Hajja ta fito bakin hanya ita kaɗai tana dafa bango, sai ta tarar da Intisar tsaye ta riga ta tare raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku.

"Wa ya kira ki?"

"Ba kowa, Inna. Ki hau a hankali."

Layin asibiti ya yi tsawo, ba su ga likita ba sai bayan azahar. Likitar, wata mace mai tabarau, ta duba sakamako ta ce ciwon suga ne amma bai yi nisa ba, ta rubuta magani, sannan ta kalli yadda Hajja ta galabaita, ta juya wajen Intisar.

"Hajja ba ta ci komai ba tun safe? Maza ki kai ta ta ci abinci yanzu, kafin ku hau mota."

Suna fita jiri ya ɗebi Hajja. Intisar ta tallabe ta suka tsallaka titi, suka shiga ta wata ƙofa mai labule. Sai da aka zaunar da ita a kujera, iskar kogi ta buge ta, sannan ta gane inda take.

"Nan ne? Nan kika kawo ni?"

"Ma'alesh, yi haƙuri Inna, shi ne mafi kusa. Wannan ɓangaren iyali ne, ba mai ganinki."

Hajja ta so tashi, jiki ya ƙi. Ta waiga tana neman abin kunyar da aka daɗe ana ba ta labari. Abin da ta gani rumfa ce mai tsabta a bakin ruwa, wata tsohuwa da jikokinta, wasu mata biyu suna shan shayi. Ma'aikacin wurin ya zo da buta da tasa ya tsaya a gabanta. Hajja ta miƙa hannu za ta karɓi butar, don ita a saninta ita ke zuba wa mutane.

"A'a ya Hajja, ke dai kawo hannunki," in ji shi.

Ta miƙa hannuwan a ɗarare, ruwa ya zubo a kansu.

Aka kawo tire: kifi karfasa biyu manya, soyayyu, suna ta tururi, ga lemun tsami da yaji da burodi. Hajja ta yi bisimilla, hannunta ya wuce kai tsaye wajen kan kifin. Intisar ta sa yatsa ta juya farantin a hankali, tsokar tsakiya ta dawo gabanta.

"Wannan na maza ne," Hajja ta faɗa ba tare da ta yi tunani ba.

"Ba namiji a teburin nan, Inna."

Hajja ta gutsuro, ta yi saurin sakewa tana yarfa yatsu. Zafi. Ta tsaya tana kallon yatsun nata. Tun tana yarinya take soya kifin kogin nan, ta soya wa miji, ta soya wa baƙinsa, ta soya wa 'ya'ya, amma ba ta taɓa sanin yana ƙona hannun mai ci ba. Kafin tire ya dawo daga wajen maza, yara su wawashe nasu, abin da ke isowa gare ta kai ne da ƙaya, sun huce, ta tsotse su a tsaye tana haɗa wanke-wanke.

Ta hura, ta kai baki. Ta ƙara. Can sai Intisar ta ga hawaye na bin kumatun tsohuwar.

"Yajin ne, Inna?"

"Yajin ne," in ji Hajja, alhali ko taɓa shi ba ta yi ba.

Sai da suka ci rabi Intisar ta yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Inna, kin san mi ya sa yake kawo ni? Ya ce tun yana ƙarami bai taɓa ganin kin zauna kin ci abinci ba. Ya ce kubon na farko da aka ba shi, tun kafin a yi zancen aurenmu, ke ya kai wa, ya ce ki shirya ya fita da ke."

Hajja ta daina tauna. Ta tuna. Wata safiya ce gawayi ya ƙi kamawa, Auta ya shigo da murnarsa yana miƙo mata wata takarda mai ja da kore yana wani zance, ita kuma hankalinta na kan shayin baƙi. Ta karɓa ta cusa a murhu ta hura. Ta tuna har yadda ya tsaya yana kallon wutar, sannan ya fita.

"Da ita na kunna wuta," ta faɗa a hankali.

"Ya gaya mini. Ya ce tun da bai samu ya zaunar da uwarsa ba, to matarsa za ta zauna, ko sau ɗaya a mako."

Hajja ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Kunya ta kama ta, da tausayin ɗanta, da na yarinyar nan da ta yi ta cika mata randa tana shan harara.

Da aka zo biya Intisar ta ciro kubon ɗin nan daga jaka, duk ya yamutse. Hajja ta zuba ido ta ga ko za a yi musu kallon mabarata. Mai wurin ya karɓa da hannu biyu yana godiya, har yana tambayar ina injiniya Bilyamin kwana biyu. Suna juyawa kuma sai ga likitar nan mai tabarau ta shigo da mijinta, riƙe da irin takardar sak.

Hajja ta bi ta da kallo, ta ce, "Lallai Ruƙayya. Ashe har likita na cin sadaka."

Rana ta yi sanyi lokacin da raksha ta sauke su a ƙofar gida. Alhaji Salih na zaune a kan tabarma da dattawa, Bilyamin ma dawowarsa ke nan yana kwance kaya daga babur. Intisar ta juya za ta kama hanyar gidansu, Hajja ta damƙe hannunta.

"Alhaji, ina da ƙara," ta faɗa da ƙarfi yadda har na bayan katanga za su ji. "Yau na ci abinci a kasuwar Suki. A zaune, a kan kujera, da takardar nan aka biya, kuma na cinye har na suɗe hannu. In wannan ke kashe aure, to a fara da ni, a mayar da ni gidan ubana."

Alhaji Salih ya shiga gyaran rawanin da ba abin da ya same shi. Wani dattijo ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka taya shi.

"To ai ke kika kawo ƙarar tun farko," in ji Alhaji daga ƙarshe.

"Ni na kawo, ni na janye. Ɗiyata ba ta kwana ko'ina yau sai ɗakinta." Ta juya wajen Bilyamin, wanda ya daskare da igiya a hannu. "Auta, ka yafe mini takardar da na ƙona."

Bilyamin ya zube a gabanta ya kama hannunta. Intisar na gefe tana kuka tana dariya.

Haƙurin Intisar ne ya mayar da ita ɗakinta da daraja fiye da wadda ta fita da ita, domin da ta rama ko sau ɗaya, da ba a zo nan ba. Iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu dalili kafin su ɗauki zancen maƙwabta, don sau da yawa abin da ake kira rashin kunya ƙauna ce ba a gane ta ba.

Da Alhamis ta zagayo, Bilyamin da Intisar suka fito cikin shiri, sai suka tarar murhu a kashe. Hajja Ramatu na zaune a bakin gado cikin sabon tob, jakarta a cinya.

"Auta, ajiye babur ɗin nan ka nemo raksha," ta ce. "Kuma ka tambaye su, wagga takarda tasu, babu ta mutum uku?"