Wanda Ke Amsawa a Shafin Marigayi

Ana gab da magariba, Auta na kwashe shanya a tsakar gida, dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufin gidan. Uwarta ta leƙo daga kicin, ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne. Bayan minti biyar wani ya faɗo. Bayan biyar kuma, wani. Ba ya sauri, ba ya makara.

Maigidan, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya fara lura da tazarar. Aikinsa gadin shafukan intanet ne. Yana da wata manhaja a kwamfuta da ke ƙwanƙwasa kowane shafi duk minti biyar. In shafin ya amsa, ɗigonsa ya nuna kore. In ya yi shiru sau uku a jere, ɗigon ya koma ja, waya ta ɗauki ƙara.

A can ƙasan jerin akwai wanda ba na kowane kamfani ba: ɗan shafin da babban ɗansa ya haɗa yana zuba hotunan tsuntsaye, kafin ciwo ya ɗauke shi shekara biyu da suka wuce. Kamfanin da ke riƙe da shafin ya rufe tun bara, Injiniya ya sani sarai. Amma ɗigon bai taɓa barin kore ba, shi kuma bai faɗa wa kowa ba. Kullum da yamma yakan zuba masa ido har abincinsa ya huce. Ni dai ban ga laifinsa ba, sai wanda bai taɓa binne ɗa ba zai yi saurin gani.

Rana ta huɗu jifan ya tsaya, Auta ta faɗi. Aka same ta a ƙofar ɗakin aikin ubanta, idanu a kafe, duk minti biyar ta ce da muryar wani tsoho, "Ina nan."

Aka ɗauko malam, dattijo marar hayaniya. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya ce, "Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba," in ji muryar. "Shafin ɗan gidan nan na samu kango na shiga, kamar yadda mu aljanu muka saba. Sai ga wani yana buga ƙofa ba dare ba rana. Na san bugun mai makoki ne. Na tausaya, tun bara nake amsawa."

"Shekara guda kana yi masa ƙarya?"

"Malam, abin nasa ba ya tambayar wa ya amsa, amsar kawai yake so. Na gaji. Na yi jifa ko zai ji yadda nake ji, bai daina ba. Ya bar bugawa, in sakar masa 'yarsa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "A bar min ko sau ɗaya a rana."

Matarsa ta dube shi, hawaye na zuba. "Baban yara, wanda ya tafi ya tafi. Wannan fa tana numfashi."

Malam ya ce da aljanin, "Kai fara yin shiru, ya gani da idonsa."

Manhajar ta buga na farko, ba amsa. Na biyu ma haka. Ba wanda ya motsa a ɗakin. A na uku ɗigon ya koma ja, wayar ta ɗauki ƙara. Injiniya ya bar ta har ta gaji don kanta, sannan ya miƙa hannu, ya goge shafin daga jerin.

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Ya sunkuya zai ɗauke ta ya kai ta gado yadda yake yi a da, sai ya kasa. Ta yi tsawo, ta yi nauyi, ta girma a gabansa bai san yaushe ba.

Ta buɗe ido, ta dafa bango. "Bari, Baba," ta ce a hankali. "Na saba tashi da kaina."