Layin da Babu Shi a Taswira

Shekara ashirin da biyu ana kiranta 'yar mai kisa, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane! Tana goye aka yi wa mahaifinta ɗaurin rai-da-rai bisa zargin kashe wani tela. Baƙin ciki ya tafi da mahaifiyarta, baffanta kuwa, wanda shi kaɗai ya ba da shaida, ya mamaye gidan ya tura ta ɗakin tarkace. Wayyo maraici...

Da ta nemi aikin shara a ma'ajiyar takardun kotu, ba son tsintsiya ya kai ta ba. Wata uku tana lalube kafin ta samo fayil ɗin, gara ta ci gefensa. Ga kalaman baffan: "Ina tsaye a Layin Rijiya na hango shi ya soke telan a bakin Layin Marina."

Ta karaɗe unguwar har ƙafafunta suka kumbura. Layin Marina yana nan, amma ina Layin Rijiya? Babu a allo, babu a taswira, an sake wa wasu layuka suna tun bayan gobarar kasuwa. In ta yi tambaya, wannan ya nuna gabas, wancan yamma. Ta zauna a bakin kwata tana kuka. "Ya Allah, kai ka san ubana..."

Wani tsohon masinjan gidan waya ya tsaya, ya ji damuwarta.

"Layin Rijiya? 'Yata, shekara talatin ina raba wasiƙu a cikinsa! Shi kuke cewa Layin Makaranta yanzu."

"Baba, daga can ana hango Marina?"

"Yau dai ana hangowa, tunda an fasa hanya. A da katangar masaƙa ce ta toshe shi, doguwa kamar me. Kullum sai na zagaya da kekena ina mita."

Ashe alƙalin wancan zamani bai taɓa taka unguwar ba!

Aka sake zaman kotu. Tsohon ya yi rantsuwa, aka shimfiɗa tsohuwar taswira, baffa ya hau inda-inda har ya amsa cewa bai ga komai ba, gidan yake so. Daga nan aka wuce da shi da ankwa.

Ranar da mahaifinta ya fito, duk ya yi furfura, ya tsaya yana duban allunan tituna, hawaye na zuba.

"'Yata, ban gane hanyar gida ba."

"Riƙe hannuna, Baba. Babu layin da ban taka ba saboda kai."