Kwandon Gaisuwar Surukai

"Ka cire?! Yaya Gitae, ka cire yaren Umma?"

Ina shanya ciyawar teku a bayan katanga na jiyo muryar Damhui. Maƙwabciyarsu ce ni, a bayana yarinyar nan ta girma. Ita da saurayinta Gitae aiki ɗaya suke a Seoul, shi ne shugabansu; ziyara suka kawo tsibirinmu. Su suka ƙera manhajar da ke gargaɗin masu kiwon jonbok, katantanwar teku, idan guguwa ta taso.

"Ban cire ba, rabin raina, ɗagawa na yi. Taswirar nan sai daskarewa take a tsofaffin wayoyi. In ban gyara ta kafin damina ba, tsibiri gaba ɗaya ne a cikin haɗari. Masu yaren Biyetnam su nawa ne?"

"Ɗaya daga ciki ita ta haife ni!"

"Umma fa tana jin Koriyanci har da zagi," ya ce yana dariya.

"Ji take, Yaya... ba karantawa ba."

Gaskiyarta. Nguyet, mahaifiyarta, ta zo mana amarya daga Biyetnam, ta haihu, ta binne miji, ta riƙe kejinsa na kiwon jonbok a teku ita kaɗai. Da kunne ta koyi yarenmu. A da mai unguwa ne ke shela a lasifika, kowa ya ji. Da manhaja ta zo, lasifikar ta lalace, ba wanda ya damu a gyara.

"Bayan bikinmu zan sa shi, na yi miki alkawari," in ji Gitae, ya riƙe hannunta mai zobe.

Ta haƙura. So fa kenan, 'ya'yana.

Aka sa ranar da iyayensu za su zauna cin abincin gabatarwa a Seoul. Nguyet ta kasa sukuni.

"Kaka, mutanen Seoul ne fa," ta ce mini. "Za su ji bakina ya karkace, su raina 'yata."

"Ke tafi can! Sa rigarki mai kyau ki yi murmushi."

"A'a. Jonbok zan kai musu, manya, da hannuna zan zaɓa. Shi ba ya tuntuɓen harshe."

Ana gobe tafiya, gari ya waye tsit. Teku lumui kamar mai a faranti, tsuntsu ko ɗaya babu. Wayata ta yi ƙara, jan rubutu ya cika fuskarta: guguwa ta juyo, kada kowa ya fita. Ban gama karantawa ba Damhui ta kira.

"Kaka! Umma ba ta ɗauka! Don Allah leƙa mini!"

Na ruga bakin ruwa da takalmi ɗaya. Jirage duk a ɗaure, gurbin nata ne kawai a buɗe. Can nesa sama ta yi baƙi ƙirin.

Wani tsoho ya ce ya gan ta da sassafe, wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta ce, "Masu tallan nan ba sa gajiya," ta cusa ta a leda ta tayar da inji.

Da iska ta lafa aka samo jirgin. Kwandon yana ɗaure tamau da igiya, cike da jonbok manya-manya, wayar na ciki a ledarta. Ita sai daga baya teku ya dawo mana da ita.

Gitae ya iso wurin makoki idanunsa jawur. Ya durƙusa gaban hotonta, goshi a ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Damhui... na gama. Na sa yaren. Yau ya fita."

"Har ka gama?" ta ce a hankali. "Ashe ba shi da wuya."

"Ki yafe mini, rabin raina..."

Bai rufe baki ba, wayar Nguyet da muka ajiye kusa da turare ta haska. Saƙon gwajin manhajar ne. Muryar mace ta fito tana magana tiryan-tiryan da yaren Biyetnam.

"Me take cewa, 'yar nan?" na tambaya.

Damhui ta zare zoben, ta ajiye gefen wayar, hawaye na bin haɓarta.

"Cewa take, Kaka... kada Umma ta fita yau."