Maganar Bapak a Bakin Kyaftin

Ibu Lastri tana kicin tana soya ayaba, tana mitar da ta saba duk ranar Lahadi: wai ta haifi 'ya'ya biyu, ta kai su jami'a da guminta, ga shi sun dawo mata gida suna yaƙi da dodanni a baranda. Mitar ba ta hana ta ƙara cika faranti ba. Mu da muke unguwa ɗaya da ita a nan Malang mun san ta sarai, ranar da ba a yi wasan ba ita ce farkon mai tambayar ko lafiya.

Wasan ba shi da wuya. Galih, babban ɗanta, shi ke riƙe da labari: ya ce ga daji, ga kogi, ga abin da ya fito muku. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama bakinsa, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Babu mai cin wani. Ko dai ayarin ya kai gaci tare, ko dodo ya haɗiye su tare. Masu zama a teburin su ne Galih, da ƙanwarsa Wening, da ƙawarta Meiliana, sai Hosnan, wani ma'aikacin jinya mai sanyin murya, wanda ya fara zuwa saboda dodanni, ya ci gaba da zuwa saboda Wening.

Maganarsu ta yi nisa har ya nemi a ba shi dama ya turo manyansa. Wening ta kai wa mahaifinta, Pak Darmaji, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin kirki in ka cire taurin kai. Ya tambayi aikin yaron ya gyaɗa kai, ya tambayi sallarsa ya gyaɗa kai, da ya ji cewa iyayensa daga tsibirin Madura suka zo sai kan ya daina gyaɗuwa. Ya ce yaron ya zo ya yi wasa, ya ci ayaba, amma zancen aure kada a sake yi masa. Wening ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta wanke fuska ta ce wa Hosnan wai Bapak, wato Baba, yana tunani. Haka ta yi ta ce masa, shi kuwa ya yi ta jira, yana ganin tsoho ne mai zurfin nazari.

Ana cikin haka Galih ya buɗe sabon labari, Wening ta ce ita wannan karon Kyaftin Brojo za ta riƙe, wani tsohon soja da ba ya ƙaunar ko ganin mutanen fadama, wata ƙabila da Galih ya ƙirƙira. Teburin yana da ƙa'ida a kan irin wannan. Wanda zai riƙe mai ƙyamar mutane sai ya nemi yardar kowa tukun, kuma zaginsa ya tsaya a kan mutanen labari, ba a ɗauko shi daga titi. Akwai kuma wani jan kofi a tsakiyar tebur, wanda duk magana ta yi wa zafi ya kife shi, a tsaya nan take ba tare da an tambaye shi dalili ba. Kowa ya yarda. Hosnan ma don tsokana ya zaɓi ya zama mai kwalekwale ɗan fadama.

"Ki zage ni son ranki, Dik," in ji shi, don haka yake kiranta, wato ƙanwa. "Ranar da muka isa kogi za ki nemo ni."

Da farko abin ya yi armashi. Wening ta iya shegantaka. Kyaftin ɗinta ba ya shan ruwa a ƙoƙon da ɗan fadama ya taɓa, ya rantse warin kwaɗi suke yi, in mai kwalekwale ya nuna gabas shi sai ya nufi yamma ya faɗa rami, a taru a ciro shi yana zagin masu cirowa. Meiliana takan yi dariya har ta sarƙe da shayi.

Sai dai zagin ƙirƙira yana ƙarewa, kuma Wening tana da wani a ajiye wanda ba sai ta wahala ba, tana jinsa safe da yamma a falo. Ga kuma haushin mahaifinta da ya daɗe yana cinta ba ta da inda za ta sauke. Wata Lahadi, ayarin na zaune a bakin wuta cikin labari, sai ta gyara murya, ta ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa. Galih ya ɗago kai da sauri, don ya san mai wannan gyaran murya.

"Ni fa ba ƙinsu nake ba," in ji Kyaftin, "amma mutane ne da wuƙa ba ta barin ƙugunsu. Ka ajiye ƙarfe a ƙofar gida ka shiga ɗauko ruwa, kafin ka fito sun ɗora shi a sikeli. Su zan ɗauki 'yata in ba?"

Meiliana ta fara dariya, sai ta ga ita kaɗai ke yi. Kyaftin Brojo ba shi da 'ya. Fadamar Galih kuma ko ƙusa babu, balle sikeli. Wanda ke da sikeli shi ne mahaifin Hosnan, da sana'ar gwangwan ya biya wa ɗansa makaranta.

Hosnan ya miƙa hannu ya kife jan kofin a hankali. Tunda ya shiga wasan bai taɓa taɓa shi ba.

"Ashe tunanin da Bapak yake yi ke nan," ya ce.

"Mas," in ji Wening, wato yaya, "wasa ne fa. Halin Kyaftin ne, haka zai faɗa."

Hosnan ya miƙe. Ya leƙa kicin ya yi wa Ibu Lastri sallama da ladabi, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Kafin ƙarar babur ta ɓace sai ga Pak Darmaji ya ɓullo daga gefen gida riƙe da kejin kurciyarsa, fuska a murtuke. Duk abin da aka yi a kunnensa aka yi. Ya ce tunda an mai da shi abin dariya a gidansa, daga yau a kwashe dodanni a kai su wani wuri.

Wening ta rasa wanda za ta fara ba haƙuri, sai ta shige ɗaki ta ba wa filo. Ta ji kunya, ta ji tsoro, don ta san Hosnan ba mai hayaniya ba ne, irin mutanen nan ne da in sun tafi ba sa buga ƙofa. Ta aika masa "sori" ya fi a ƙirga, ya amsa da cewa ya gani. Da ta kasa daurewa sai ta je ta tsare shi a wajen mai miyar nama da ke gefen asibitinsu. Ya saya mata kwano ɗaya, ya bar ta ta gama kukanta. Sannan ya gaya mata cewa maganar wuƙa da ƙarfe ba sabuwa ba ce gare shi, tun yana firamare yake jinta. Abin da ya soke shi shi ne yadda ta fito daga bakinta sumul, da kuma watannin da ta bar shi yana gaishe da mutum yana murna, bai san an riga an rufe masa ƙofa ba.

"Kin ce halin Kyaftin ne," ya ce. "Kyaftin ba shi da baki sai naki, Dik."

Ta ce ta yarda, ta yi kuskure, kuma tsoron rasa shi ne ya sa ta ɓoye. Ya ce shi bai fasa ba, amma ba zai tsallake mahaifinta ba, ba kuma zai roƙi a yafe masa garin da iyayensa suka fito ba. Zai jira.

A gida kuwa Pak Darmaji ya yi ta cika yana batsewa. Abin mamaki, ba maganar ce ta fi ƙona masa rai ba, kwaikwayon ne. Mutumin da duk bikin 'yancin kai shi ake ba wa sarki a wasan kwaikwayon unguwa, wai shi za a kwaikwaya da murya kamar ta agwagwa. Ibu Lastri tana jajjage ta ce ai ita daga kicin ta ɗauka shi ne ya fito baranda. Ya ce sam, shi in zai yi magana ba ya laɓewa a bayan wani Kyaftin, a gaban ido yake faɗa wa mutum.

Galih, wanda ya gaji wayon uwarsa, ya ce to ai shi ke nan, kujerar Kyaftin babu kowa tunda Wening ta ajiye shi, ga ayari ya maƙale a bakin kogi. In Bapak yana ganin zai fi ta iyawa, bismillah.

"Ni za ka gwada?" in ji tsohon. "Kira yaran."

Ranar Lahadi ya fito da rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Wening, wadda aka ba wata mai maganin gargajiya ta riƙe, ta zauna tsuru-tsuru kamar mai jiran allura. Hosnan ya zo, ya sunkuya ya kai hannun tsohon goshinsa, ya zuba masa shayi. Galih ya bi ƙa'ida, ya tambayi kowa ko ya yarda Kyaftin ya yi halinsa. Da aka zo kan Hosnan ya ce ya yarda, Bapak ya faɗi duk abin da ya ga dama.

Gaskiya tsohon ya iya. Ya daka wa dodo tsawa har kurciya ta firgita a keji, ya jefa ɗan ludo ya faɗa cikin miyar barkono, ya ce a ƙirga masa haka nan. Meiliana ta ce wannan Kyaftin ya wuce lebul ɗinsu. Sai Galih ya kawo su inda yake so: ruwa ya cika, maƙiya na tafe a baya, babu hanya sai kwalekwalen ɗan fadama, kowa ya shiga saura Kyaftin.

"Mai kwalekwale ya miƙo maka hannu, Bapak. In ba za ka shiga ba, gaya masa dalili. Amma a nan ba a yi wa bango magana, sai ka kalli wanda kake gaya wa."

Pak Darmaji ya gyara murya, ya ƙwanƙwasa tebur, ya juya. Ga Hosnan nan dab da shi, hannu a miƙe a kan tebur kamar yadda labari ya ce, ba fushi a fuskarsa, ba kuma roƙo.

"Ni fa ba ƙinku nake ba," tsohon ya fara, "amma ku mutane ne da..."

Nan ya tsaya. Ya sake gyara murya. Maganar da ya yi shekara da shekaru yana faɗa a falo da majalisa, a kan mutanen da ba sa wurin, yau ta ƙi fita. Duk tsawon rayuwarsa "su" yake cewa, bai taɓa gwada ta da "ku" ba, kuma da ya gwada sai ya ji nauyinta. Ya kalli shayin da yaron ya zuba masa, ya kalli 'yarsa da hawaye ya cika wa ido, kunya ta rufe shi.

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Kyaftin ya shiga kwalekwalen."

Wening ta share ido. Bakinta dai ba ya mutuwa. "Bapak, ai Kyaftin ba zai yi haka ba. Ba halinsa ba ne."

"Ni nake riƙe da shi ko ke?" Ya kama hannun Hosnan ya riƙe gam. "Tuƙa mu, yaro, kafin su iso."

Kada ku ɗauka ranar aka sa biki. Pak Darmaji ba ya sauka daga kan magana da tsalle, sai da tsani. Ya dai ci gaba da zama a teburin, wai don kada a lalata masa Kyaftin. Damina ta shigo ta fita, Kyaftin yana gunaguni yana cin abinci a ƙwarya ɗaya da mai kwalekwale, har ranar da wani sarki a labarin ya kira ɗan fadama ɓarawo, Kyaftin ya zare takobi, sai da sauran suka rirriƙe shi. Hosnan bai ƙara tayar da zancen aure ba ko da wasa. Yakan zo, ya gaishe da manya, ya duba wa Ibu Lastri hawan jini, ya tafi. Wening ma ta koyi kama bakinta, wanda a wurinta ba ƙaramin jihadi ba ne.

Wata Lahadi ana tattara tebur, tsohon ya tsaya yana goge gilashinsa, bai kalli kowa ba.

"Hosnan, wai mutanenku ba su san hanyar gidan nan ba ne? Ko sai na aika musu da mota?"

Wening ta fashe da kuka, Ibu Lastri ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu, da ta ji sai ita ma ta zauna ta taya ta. Ranar da manyan Hosnan suka zo, an ga Pak Darmaji da mai sikeli a baranda suna gardama a kan kurciyar da ta fi iya kuka, har abinci ya huce.

Masu karatu, abin da nake so ku riƙe bai da yawa. Ƙyamar mutane ta fi daɗin faɗa in ba sa wurin, saboda haka duk maganar da ba za ka iya kallon idon mutum ka gaya masa ba, kada ka faɗe ta a bayansa, ko da sunan wasa. Kada kuma wani ya ce muku halinsa ne ba yadda zai yi, domin hali a hannun mai shi yake, in ya ga dama ya juya shi. Hosnan bai rama ba, bai kuma ƙasƙantar da kansa ba, ya yi haƙuri ya tsaya a inda za a gan shi, kuma da aka gan shi ɗin aka ba shi Wening.