Farcen da Aka Yanke a Makare

Da sassafe Mme Malitaba, wato Inna Malitaba, ta fito da kwanon tuwon masara, ta tarar da karyarta Lerumo a bayan ɗakin kaji, baki duk kumfa, ƙafafu sun sandare. Ga guntuwar hanta a gefe an barbaɗe ta da guba. Kwikwiyoyinta kuwa an kwashe su, ko ɗaya ba a bari ba.

Ba ta yi kuka ba. Lerumo ce karyar farautar da ta fi kowace gudu a garin Matatiele, ita kaɗai ce mai numfashi da marigayi mijinta ya bar mata, kwikwiyoyin nan kuma su ne ragowar jininta. Ta lulluɓe gawar da bargon mijin, ta rantse sai mai wannan aika-aika ya yi da-na-sanin zuwansa duniya.

Saje Phakisi na 'yan sanda ya zo ya duba shinge, ya sa hantar a leda.

"Kin ji haushi da asuba, Mme?"

"Ko tari ba ta yi ba. Kuma Lerumo ba ta cin abin hannun baƙo."

Suka fara da maƙwabcinta Sefako, mai tumaki, wanda ya sha cewa zai harbe karyar.

"Na faɗa, ban musa ba," in ji Sefako. "Amma in ni ne, me zan yi da 'ya'yan? In raini masu cinye min raguna?"

Na biyu shi ne Mzoxolo direban tasi, wanda ya nace a ba shi kwikwiyo ɗaya. Bai yi dogon bayani ba, wandonsa ya ɗaga ya nuna tabon haƙora a ƙwauri.

"Wannan ce za ta karɓi hanta a hannuna? Haba, Saje."

Saura mutum guda da Lerumo ke kaɗa wa jela, kuma sunan ya yi wa Malitaba nauyi a baki: Ntate Khoeli, wato Baba Khoeli, aminin mijinta, mai kiwon karnukan farauta shi ma.

Ran Lahadi suka je, mafarauta sun taru a ƙofarsa da karnukansu. Khoeli ya tarbe su da fuskar jimami har da girgiza kai, munafukin Allah. Ya ce tasa karyar ma ta haihu a wannan tsakani, haihuwa mai albarka, su shigo su gani.

Malitaba ta durƙusa cikin kwikwiyoyin. Wasu na ta tsalle. Wasu sun maƙure a lungu suna ɗingishi, an ɗaure musu ƙafafun gaba da tsumma, jini ya ɓullo.

"Me ya same su?" Saje ya tambaya.

"Farcen gefe na cire musu, wanda ba ya taɓa ƙasa. In an bar shi ƙaya ke yage shi a wurin gudu. Kowa ya san karen gidana ba ya fita da shi."

"Duk karya ɗaya ta haife su?"

"Ɗaya."

Malitaba ta ɗago ɗaya daga cikin masu tsallen, ta juya ƙafarsa. Wurin ya warke sumul, gashi ya rufe shi. Ta ɗago mai tsumma, ta kwance a hankali. Ciwon ɗanye ne, har ƙashi ya nuna.

"Haihuwa ɗaya, Ntate, yanka biyu?"

Malitaba ba ta jira amsar Khoeli ba. Ta juya wajen mafarautan da suka cika ƙofa, don su take so su ji.

"Kun sani, farcen nan tun ido bai buɗe ba ake cire shi, ƙashi na da taushi. Mijina ke yi da kansa. Bana babu shi, na ɗauki almakashi hannuna ya ƙi, na bar su da abinsu. Wannan mutumin ya kwaso su ya zuba cikin nasa, sai ya ga farce. Ya san duk wanda ya ga kwikwiyo da farce a gidan Khoeli zai tambaya. Shi ne ya datse su yanzu, da ƙashi ya yi ƙwari, kamar mai sarar itace."

Saje ya leƙa bayan ƙofa, ya fito da almakashi mai busasshen jini da kwalbar gubar kashe dila da aka ɗibi wani abu a cikinta. Ya ciro ankwa.

Khoeli ya sassauta murya. "Mme, mu kashe maganar nan a gida, albarkacin marigayi. Da hannuna na haƙa masa kabari."

Malitaba ta tattara nata kwikwiyoyin cikin bargo, ta dube shi sama da ƙasa. Daɗi ta ji da ta ga leɓensa na rawa, kuma ba ta ɓoye ba.

"To, hannun ya saba ke nan. Saje, a ɗan jinkirta ankwar. Akwai gawa a bayan ɗakin kajina."

Haka aka tasa shi gaba, mafarauta na biye da karnukansu, har bayan ɗakin kajin, aka miƙa masa diga ya haƙa wa Lerumo kabari. Ƙasar wurin tsakuwa ce zalla. Malitaba ta jawo kujera ta zauna da kwikwiyoyin a cinya, duk sanda ya tsaya share gumi sai ta leƙa ramin ta ce bai yi zurfi ba.