Takardar da ke Bakin Ƙofar Motar Fumika

Kai ma ka ga motar nan a hanyar asibiti, ka kau da kai. Tsohuwar ƙaramar bas mai shekara goma sha tara, ƙofarta tana kuka. Ka ce ta isa yarwa, ba ka tambayi wa take ɗauka ba. To, tun da aka soke bas ɗin ƙauyenmu, ita ce ƙafar Kaka Sayo, don ita kaɗai keken guragunta ke shiga.

Kukan ƙofar ne ya kai jikarta Fumika garejin Naoya da ke bakin gonakin shinkafa. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota, goshinsa duk baƙin mai, ya dube ta har ya manta abin da ya fito ɗauka. Ya gyara ƙofa, ya yi wa injin juye, ya rubuta ranar da hannunsa a 'yar takarda, ya manna a bakin ƙofar direba kamar yadda kowane gareji ke yi.

Bayan wata uku sun saba. Takan kawo masa curin shinkafa, yakan tsokane ta da cewa tana taka birki kamar tana kashe kyankyaso.

"Mai baƙin hannu, ka ci abinci kuwa?" ta rubuta masa.

"Na ci, Fumi tawa. Gaishe min da kishiyarki mai ƙafa huɗu."

Mahaifinta Ishibashi bai so wannan soyayya ba. Shi Kurata yake so ta aura, dillalin sababbin motoci mai farin safar hannu, wanda ya ce motar ba za ta tsallake binciken lafiyar mota da hukuma ke yi duk shekara biyu ba, a kawo ta a canza.

Wata safiya da ta biyo garejin da motar, Naoya ya buɗe ƙofar direba, ya tsaya cak. Sabuwar takarda mai sheƙi, da sunan shagon Kurata, an manna ta daidai kan tasa. Ya rufe ƙofar a hankali, ya ce mata yau aiki ya yi masa yawa.

Kwana huɗu bai amsa saƙonta ba. A na biyar ya rubuta: "Tunda kin sami mai farin hannu, ki huta da baƙi."

Ta zo da kanta, ranta a ɓace. Ta gaya masa babanta ne ya kai motar shagon lokacin da take wurin aiki, Kurata ya yi juyen don neman shiga. Ta sa farce ta ɓare takardar, tasa ta bayyana a ƙasa, tawadar ko dishewa ba ta yi ba.

"Kishin takarda kake yi, Naoya? Saura kwana tara a yi bincike. In ta faɗi, Kaka ta zauna a gida ke nan. Yi ta fushinka."

Kunya ta kama shi, amma kishin bai sake shi ba. Ya rantse duk inda hannun Kurata ya taɓa sai ya bi ya duba. Ya ɗaga motar, ya bi ƙusa ƙusa yana neman laifin abokin hamayya. Laifin Kurata bai samu ba, juyen ya yi kyau, abin da ya ƙara ba shi haushi. Abin da ya samu bututun birki ne da gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙarar hunturu ya cinye, saura kaɗan ya fashe. Ya canza shi, ya yi wa ƙasan motar walda.

Motar ta tsallake.

Da aka nuna wa Ishibashi ruɓaɓɓen bututun, ya karɓa yana jujjuya shi a hannunsa. Kaka Sayo ce ta yi magana daga kekenta.

"Ɗana, wanda bai yar da tsohuwar mota ba, ba zai yar da 'yarka in ta tsufa ba. Ba shi ita."

Da bazara aka ɗaura auren a wurin ibada na kan tudu. Bayan an sa wa ango da amarya albarka, jagoran ibadar ya sauko, aka buɗe masa dukkan ƙofofin motar, ya kaɗa sandarsa mai fararen takardu a kanta don ita ma ta sami albarka, Kaka tana ciki tana dariya. Fumika ta raɗa wa mijinta cewa daga yau takarda ɗaya ce a ƙofar. Ya ce zai riƙa dubawa dai.

Kai kuma da ka kau da kai, akwai tsohuwar mota a bayan gidanku da tsohuwa a ɗaki, duk ka yanke musu hukuncin sun gama. Tashi ka buɗe ƙofar, ka karanta ranar juye na ƙarshe. Kai ta a duba birki a makon nan, sannan ka ɗauki tsohuwar ka fita da ita.