Koren Zare a Cikin Kwala

Riga ta goma sha ɗaya ce a buhun ranar. Na juya kwalarta kamar yadda nake juya kowace, sai ga shi.

Koren zare. Ɗinki uku ƙanana, a jere.

Ban yi ihu ba. Ƙafata ma ba ta sauka daga kan keken ɗinki ba. Kawai na ji ƙarar kekuna sittin da ke cikin zauren ta yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga.

Kayan sojoji muke ɗinkawa a masana'antarmu. Tun da aka fara yaƙi wata bakwai da suka wuce, ana dawo mana da tsofaffin riguna daga bakin daga, an wanke su, mu toshe huji, a ba sababbin ɗauka. Kuɗin ƙasa ya tafi wajen jirage da tankoki, riga kuwa sai maneji.

Ba a gaya mana ko ta wane ce, amma mun iya karanta su. Wadda aka tsaga da almakashi daga wuya har ƙasa, likita ne ya tsaga, mai ita ya kai asibiti. Wadda ta dawo da maɓallanta cif-cif, an cire ta ne a natse, daga jikin wanda ba a sauri a kansa.

Wannan maɓallanta shida suna nan. Hujin yana ƙarƙashin aljihun hagu.

Saurayina bakanike ne a soja, shi ke gyaran tankoki. Ranar da na fara ganinsa, motarsu ce ta zo ɗaukar kaya. Ya tsaya a kaina, dogo kamar falwaya, yana kallon yadda nake yanka yadi da hannun hagu.

"Bahaguwa, almakashin nan bai yi ƙararki ba?"

"Kai tankokinka sun yi ƙararka?"

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Shi ke nan. Daga ranar na zama Bahaguwa, shi kuma Dogo.

Da ya zo gidanmu gaisuwa, Mama ko ruwa da ƙyar ta ba shi.

"Soja? 'Yar tawa ɗaya?" ta ce bayan ya tafi. "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa!"

Baba ya rage rediyonsa. "Haba, ke kuwa! Ba ki ji abin da aka ware wa tsaro bana ba? Rigakafi ya fi magani. Maƙwabta in sun ga kayan da muka tara, wa zai ɗaga mana yatsa? Yaron nan a gareji zai tsufa."

Shi ma Dogo haka ya yi imani. Wata Asabar da yamma muna zaune a bencin tashar bas, ya ce, "Zuciyata, ki ga sababbin tankokin da aka kawo mana! Ko fenti bai goge ba. Na ado ne, wallahi. Ana sayensu ne don kada a yi amfani da su."

"Dogo... bara mai masana'antarmu ya sayi sababbin kekuna arba'in."

"To?"

"Ya hana kansa sukuni har sai da ya samo musu aiki. Ban taɓa ganin wanda ya sayi keke don ya rufe shi da zani ba."

"Tanka ai ba keken ɗinki ba ce, masoyiya."

"Su maƙwabtan namu fa? Zama suka yi suna kallonmu?"

Ya sosa ƙeya. "Su ma an ce sun yi oda... ninki biyu."

"Mu kuma?"

"Za mu ƙara."

Ya ja hancina, ya ce in bar wa manya lissafinsu. Ina sonsa, don haka na bari.

Rigunansa kullum hannun ya yi masa gajere, ni nake ƙara masa. Ranar da na gyara ta ƙarshe na zare koren zare, na yi ɗinki uku a cikin kwalar, inda zai riƙa taɓa bayan wuyansa.

"Ɗaya ni, ɗaya kai, ɗaya ɗakinmu," na ce.

Kwalisa tana kallo. Ita ce a keken da ke dama da ni, kuma ita ta fara ƙyalla ido a kan Dogo, shi ne bai gan ta ba. Ita ce ma ta je ta tsegunta wa Mama wai yana da budurwa a kowane bariki. Ranar da na yi ɗinkin, ta taɓe baki kawai.

Bayan mako uku aka yi harbi a wata gada da ke kan iyaka. Da can irin wannan da wasiƙa ake kashe shi. Wannan karon kowane ɓangare yana da sabon kaya, kowa yana jin kansa. Tankoki suka tafi, masu gyaransu suka bi su.

Saƙonsa na ƙarshe wata biyu ke nan: "Bahaguwata, zarenki yana mini ƙaiƙayi. Kada ki cire shi ko na roƙe ki."

Yau da safe, ina ɗaura ɗankwali, Mama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke... in ya dawo, ki ce ya turo manyansa. Na gaji da ganinki kamar tsinke."

Awa huɗu ke nan da ta faɗa.

"Bahaguwa?"

Kwalisa ce. Ta tsayar da kekenta, idonta a kan kwalar. Fuskarta ta yi fari fat.

"Ba tasa ba ce!" ta ce da sauri. "Ki saurare ni... wallahi ba lallai tasa ba ce!"

Na dube ta.

"Ni ce. Bayan kin yi masa, na ɗauki koren zare na yi wa sababbin riguna. Sun kai ashirin! Na so ya gani a wuyan abokansa, ya ɗauka kowa kike yi wa. Ki zage ni, ki mare ni, amma wannan tawa ce... ɗaya daga cikin nawa ce!"

Hawaye na zuba har kan yadin da ke cinyarta. Ban taɓa ganin mutum yana roƙon a yarda da muguntarsa haka ba.

Na ɗaga kwalar wajen hasken taga.

Ɗinkin mai hannun dama yana kwantawa ne gefe ɗaya. Na bahago yana kwantawa ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa riƙe allura ya sani, kuma duk zauren nan ni kaɗai ce bahaguwa.

Na auna hannun rigar da tafina. Ga ƙarin yatsa uku da na yi masa.

"Taki ce," na ce mata. "Na gani."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta rungume ni tana godiya ga Allah. Na bar ta. Ni dai ban ji komai ba, ko nauyin hannunta.

Shugabar layi ta buga tebur. "Ku biyun nan, hira aka kawo ku yi? Mota na zuwa ƙarfe huɗu!"

Na yanko ƙyalle, na sa a ƙarƙashin aljihun hagu, na taka keke. Ɗinkin ya fita tsaf, sai ka kura ido za ka san an taɓa hudawa. Na ɗauki reza zan warware koren zaren, na tuna ya ce kada in cire. Na ajiye rezar. Na ninke rigar, na ɗora a kan tarin da za a kai wa sababbin ɗauka.

Da na koma gida Baba yana tsakar gida da rediyonsa a kunne.

"Kin ji? An ninka kuɗin tsaro na baɗi! Yanzu kam dole su ji tsoro su tsaya."

"To, Baba."

Mama ta fito da wani farin leshi da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, tana murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Ke ce tela. Yadi biyar zai ishi rigar amarya?"

Na shafa shi da hannun hagu. Yana da laushi.

"Zai isa, Mama," na ce. "Ki mayar da shi akwati, kada ya yi ƙura."